Tarar da Muka Je Muka Nemo da Kanmu

Yau da safe Lurleen ta ba ni kofi mai sanyi. Wanda bai san Lurleen ba zai ce mene ne abin magana a nan. To, matar nan tun ina da gashi a ka take zuba min kofi a gidan abincin da ke jikin gidan mai, kuma ban taɓa zama ba sai na tarar yana tururi. Yau kuwa dangwarar da shi ta yi, har ya fantsalo min a hannun riga, sannan ta shimfiɗa jaridar garinmu a gabana ta dafa wani hoto da yatsa.

"Wannan ba akwalar motarka ba ce, Clovis?"

Na gyara tabarau. Ita ce, babu tantama. Ga lambarta raɗau, ga sanƙona yana sheƙi ta gilashin baya, ga bas ɗin 'yan makaranta a gefe. A sama an rubuta da manyan baƙi: WAƊANDA BA SA TAUSAYIN 'YA'YANMU. Manyan gari ne suka saki hotunan don bikin Makon Lafiyar Masu Tafiya da Ƙafa.

"Jikokina biyu suna shiga bas ɗin nan," in ji ta. "Kai da kake raba littafin waƙa a coci ran Lahadi! Ashe haka kake?"

"Lurleen, tsaya ki ji."

"Je ka gaya wa alƙali. Ƙwan naka soyawa za a yi ko dafawa?"

Ta juya ba ta jira amsa ba. Tunda ita ta ƙi saurara, ku za ku sha bayanin, masu karatu. Da ma ya daɗe yana cina, kuma wadda nake rufa wa asiri ta ajiye aiki ta bar jihar a watan jiya, saboda haka yanzu bakina a sake yake.

Kowa ya san dokar. In bas ɗin makaranta ya tsaya ya miƙo jan allon nan na gefensa, fitilu suna walƙiya, kowace mota sai ta tsaya cak har yara su gama sauka. Doka ce mai kyau, ni da ita ba mu taɓa faɗa ba. Shekarun baya sai manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, suka liƙa wa kowane bas kyamara. Duk wanda ya wuce allon, hotonsa zai iso gida tare da tara mai zafi. Mai Girma Garkuwan Masu Tafiya da Ƙafa, wato shugaban kwamitin da ke kula da abin, ya tsaya gaban 'yan jarida ya dafa ƙirji ya ce ko sisi ba zai bi wata hanya ba, duk kuɗin za su tafi wajen kare mai tafiya a ƙasa. Na tafa masa har hannuna ya yi ja. Ban taɓa ganin bawan Allahn nan yana tafiya da ƙafa ba sai daga ƙofar ofis zuwa ƙofar mota, amma na ce ai ba sai likita ya yi ciwo yake ba da magani ba.

Mu muna zaune ne a Titin Majema. Sunan kawai ya rage, majemar ta rufe tun ina yaro. Da can ɗan titi ne da ake buga ƙwallo a kansa, yanzu an faɗaɗa shi ya zama layi huɗu, motoci suna sheƙa gudu kamar an biyo su. A ɓangarenmu gidajen tsofaffi ne 'yan fansho. A tsallake kuma akwai gidan kula da tsofaffin da suka kasa, kuma a nan Baba Virgil Pruitt yake kwance.

Baba Virgil ya manta kowa. Ya manta 'yarsa, ya manta fasto, ni da muka yi shekaru muna zuwa kamun kifi tare kallona yake kamar na zo karɓar kuɗin wuta. Abu ɗaya ne bai manta ba, hannun matarsa. In ma'aikatan gidan suka kawo cokali sai ya datse baki ya juya wa bango fuska. In Mama Ernestine ce ta miƙo, sai ya buɗe. Saboda haka kullum da rana tsaka matar nan, da ta haura tamanin, take fitowa daga gidanta da ke jikin nawa, sanda a hannun dama, kular miyar kaza a hagu, ta tsaya bakin titi tana jiran sarari. Takan tsallake layi biyu, ta tsaya a kan ɗan zanen tsakiya, manyan motoci suna kaɗa mata siket, sannan ta ƙarasa. Matata Geraldine ta daina wanke kwanuka a wannan lokacin, don tagar ɗakin girkinmu titi take kallo, kuma ta ce zuciyarta ba za ta iya ba.

Mun sha ce wa Mama Ernestine mu kai ta a mota. Sai ta ce, "Ɗan nan, ga ginin can ina ganinsa, har labulen ɗakinsa ina gani. A zagaya da ni gari a mota kamar wata kaya? Ƙafafuna ba su mutu ba tukuna." Ni ɗin da take kira ɗan nan ina karɓar fansho.

Sai 'yarta Yvette, da ke aiki a wani birni mai nisan yini guda a mota, ta zo hutu ta ga tsallakawar da idonta. A tsakar gidansu ta yanke hukunci, muna ji ta kan shingen furanni.

"Mama, in ƙanƙara ta fara zuba ba a sa danja a wurin nan ba, zan zo in tafi da ke. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a waya ba."

"Ubanki fa? Wa zai ba shi abinci?"

"Akwai ma'aikata, Mama. Aikinsu ke nan."

"Ke je ki gaya masa."

Kun ji inda maganar take. Ko a samu wurin tsallakawa kafin sanyi, ko a raba tsohuwa da mijinta, shi kuma kowa ya san abin da zai biyo baya in ya daina cin abinci.

Muka ce abu mai sauƙi, ai ga asusu nan an tara don irin wannan. Muka yi wanka muka tafi zaman majalisar gari, ni da Geraldine da maƙwabcinmu Delbert Haskew, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da injin yankan ciyawa, kuma har yau bai yarda akwai abin da surutu ba zai sayar ba. Aka ba ni 'yan mintuna, da ƙararrawa a gefe. Na roƙi farin zane a kan kwalta da danja mai maɓalli, shi ke nan.

Mai Girma Garkuwa ya saurare ni da kai a karkace, irin na mai tausayi. Da na gama ya ce labarin ya taɓa masa zuciya ƙwarai. Sannan ya yi bayani cewa asusun nan da adalci ake raba shi: kowane titi yana samun kasonsa gwargwadon tarar da aka ci a kansa.

"Ku kuwa a Titin Majema," ya ce yana murmushi, "ina taya ku murna. Tun da aka sa kyamara ba a kama ko mutum ɗaya ba. Alƙaluma sun nuna titinku lafiya lau yake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bas ɗin a lungunmu na baya yake sauke yara, inda mu tsofaffi kaɗai muke bi. Masu gudun suna kan babban titi."

"To ka gani," in ji shi. "Babu matsala ke nan."

Delbert ya miƙe ya ce in kuɗi ne matsalar, mu za mu kawo. Kuma muka kawo ɗin. Matan cocinmu suka yi asabar uku suna toya kek da biskit, aka kafa tebura a harabar coci, Mama Ernestine da kanta ta gasa kek ɗin tuffa har sai da tandarta ta fara hayaƙi. Muka koma majalisa da kuɗi a cikin gwangwanin biskit. Sai Shehin Dokoki, lauyan majalisa, ya kalli gwangwanin kamar mun kawo masa mushe. Ya ce asusun ba shi da ƙofar karɓar kyauta. Doka ta ce tara, to tara kawai yake ci. In muka ba da kyauta, sai dai ta shiga babban asusu, inda za a iya sayen sabbin kujerun zauren majalisa da ita.

Muka kama hanyar gida a mota, Delbert yana kujerar baya. Can sai ya ce, "Clovis, tara suke so, ko?"

"Haka suka ce."

"To mu ba su tara mana."

Geraldine ta juyo daga kujerar gaba. "Delbert Haskew, in kana nufin in wuce bas yara suna sauka, sauka daga motar nan ka taka da ƙafa."

"Wa ya ce da yara? Haba Geraldine, kin san ni."

"Don na san ka ɗin nake faɗa."

Mai tuƙa bas ɗin unguwarmu Darlene ce, ɗaya daga cikin mawaƙan cocinmu, mace mai 'ya'ya uku ba miji. In ta sauke yaro na ƙarshe, ta kan babban Titin Majema take komawa gareji, bas wayam. Delbert ya je ya same ta da kek. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ita ba ta ji komai ba, kuma ba ta san shi ba.

"Abin da na sani kawai," ta ce, "doka ta ce in na gama aiki in tsaya in duba kujeru, ko wani yaro ya yi barci a baya. Ni kuma a gaban gidan Mama Ernestine nake jin daɗin dubawa. In na tsaya kuwa, hannuna yakan taɓa maɓallin allon nan. Tsufa ne."

Masu karatu, da kun ga ranar farko da kun yi kuka, ko don dariya ko don tausayi. Motoci sun yi layi a bakin titi, kowace da furfura a bayan sitiyari. Mutanen da suka yi rabin ƙarni ba su taɓa taka doka ba, sun zo da tabarau da maganin hawan jini za su aikata laifi. Bas ya tsaya, allo ya fito, fitilu suka kama walƙiya. Delbert yana gefe yana kaɗa hula kamar mai sallamar tseren motoci. Matar fasto ce a gaba. Ta taho a hankali, ta iso daidai allon, sai ƙafarta ta taka birki da kanta.

"Wuce mana, Mama!" in ji Delbert. "Babu kowa a ciki!"

"Na sani! Ƙafar ce ta ƙi!"

"To rufe ido!"

"In rufe ido ina tuƙi? Kai wane irin shaiɗani ne?"

Sai da ta yi addu'a da ƙarfi sannan ta silale ta wuce, tafiyar da ko kunkuru zai yi mata ƙorafi. Ni na bi bayanta, gumi har cikin takalmi. Geraldine ta gwada sau biyu ta kasa, ta fito ta ce ita a bar ta da toya kek. Mama Ernestine tana zaune a barandarta tana ɗaga wa kowane mai laifi hannu, tana cewa, "A hankali dai, 'ya'yan nan, kar ku buge wa Darlene madubi."

Haka muka yi ta yi har ganyen itatuwa ya fara ja. Tara tana isowa, muna buɗe gwangwanin biskit muna biya da fara'a. Ban taɓa ganin mutane suna murnar zuwan takardar kotu ba sai a unguwarmu. Wani tsoho da kyamara ta ƙi ɗauka sai da ya yi fushi ya ce ana nuna masa bambanci.

Daga baya ne muka ji yadda ake rabon. Ashe kamfanin da ya liƙa kyamarorin shi ke fara ɗibar kaso mafi tsoka, don wahalar da ya sha ta ɗaura ƙusa huɗu. Kotu ta ɗebi nata. Ofishin da aka buɗe don lura da asusun ya ɗebi albashin masu lura, da motar da suke lurar a cikinta. Abin da ya rage shi ne na mai tafiya da ƙafa. Ban yi gunaguni ba. Na ce ko guntun ne, ai fenti da fitila ɗaya ba za su gagara ba.

Kuma aikinmu ya yi kyau, har ya wuce yadda muka so. Titin Majema ya hau kan gaba a duk gundumar. Mai Girma Garkuwa ya shiga rediyo da murya mai rawa ya ce bai taɓa ganin rashin imani irin na direbobin titin nan ba, kuma ba zai yi barci ba sai ya ɗauki mataki. Muka rungumi juna a ɗakin girkina. Aka turo Sarkin Awo, babban injiniya, da riga mai ƙyalli da 'yan rakiya. Ya auna titi a tsaye, ya auna a kwance, ya tafi cin abincin rana, ya dawo ya sake aunawa.

Ran da zai ba da sakamako muka cika zauren majalisa, Mama Ernestine a layin gaba da hular zuwa coci. Sarkin Awo ya gyara murya ya ce binciken ya nuna abu ɗaya a fili. Titin da direbobinsa ba sa tsaya wa bas ɗin yara, ba za su tsaya wa farin zane ba, ba za su tsaya wa danja ba. In aka yi wurin tsallakawa a nan, an yaudari jama'a ke nan, an sa su ɗauka akwai aminci. Hanya ɗaya ta kare mai tafiya da ƙafa a irin wannan titi ita ce a hana shi tsallakawa gaba ɗaya. Saboda haka za a kafa shingen ƙarfe a tsakiyar titin, daga gidan mai har gada.

Delbert ya zabura ya miƙe, fuska ta yi jawur. Na san abin da zai faɗa: mu ne direbobin, bas ɗin babu kowa, ga yadda aka yi. Kafin ya buɗe baki Mama Ernestine ta sa kan sandarta ta jawo gefen kwat ɗinsa.

"Zauna, Delbert."

"Mama, ai sai sun ji gaskiya!"

"In sun ji, wa za a kora? Kai? Darlene tana da 'ya'ya uku. Zauna na ce."

Ya zauna. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Ku da kuka san yadda aikin gwamnati yake tafiya a garin nan, ramin da ke gaban gidan waya ya girmi wasu 'yan majalisar, za ku yi mamaki in na ce kafin ƙanƙarar farko an gama shingen. Dogo ne, ya fi ni tsawo, baƙi, mai kyan gaske. An yi bikin yanke ƙyalle, an kawo 'yan makaranta sun yi waƙa. Har allo aka kafa mai cewa an yi wannan aiki da kuɗin masu karya doka, don lafiyarku. Geraldine ta tsaya ta karanta, ta ce, "Kek ɗina ke nan a tsaye."

Daga nan sai mota. Muka raba kwanaki, yau ni, gobe Delbert, jibi matar fasto, a ɗauki Mama Ernestine a gangara har gada, a juyo, a hauro ta ɗaya gefen, don a kai ta ginin da take gani daga barandarta. Amma mu ma tsofaffi ne. Yau wannan yana asibiti, gobe motar wancan ta ƙi tashi. Da ƙanƙara ta zuba sosai aka yi kwana biyu babu wanda ya iya fitar da mota daga gida. Kwana biyun nan Baba Virgil bai sa komai a bakinsa ba. Da muka samu muka isa, ya rame har idanunsa sun faɗa, ita kuwa ta zauna a bakin gadon tana ba shi miya tana ba shi haƙuri, shi bai ma san laifin me ake ba shi haƙuri a kai ba.

Yvette ta iso ƙarshen makon da babbar motar kwasar kaya, kamar yadda ta yi alkawari. Ta tarar uwar ta riga ta ɗaure akwatuna.

"Yawwa Mama, na gode da ba ki yi min gardama ba."

"Wa ya ce binki zan yi? Tsallake za ki kai ni."

Ashe ta riga ta je ta yi magana da masu gidan tsofaffin. Akwai gado a ɗakin da ke kusa da na Virgil. Za a sayar da gidanta a biya. Matar da take gasa kek, take shuka tumatir, take share ƙanƙarar ƙofar gidanta da kanta, ta je ta rubuta sunanta a cikin waɗanda suka kasa. Yvette ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kira fasto. Tsohuwa ta ce ta gama magana.

Ni na kai ta. Muka gangara har gada, muka juyo. A hanya na ce, "Mama, ki yafe mana. Mu muka jawo miki."

"Kai ɗan nan, rufe min baki. Ku kun ba da kuɗinku da mutuncinku. Wanda ya karɓa shi zai yi bayani."

Na shigar mata da akwatuna. Ɗakin ƙarami ne, yana warin maganin goge ƙasa, an kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango ko'ina. Ta je taga ta ɗaga labule. Ta cikin sandunan shingen ana hango barandarta da kujerarta, da allon sayarwa da aka riga aka kafa a kan ciyawa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta saki labulen ta tambayi ma'aikaciyar da ke tsaye ina ne ɗakin girki, don lokacin abincin Virgil ya kusa. Yarinyar ta ce mazauna gidan ba a ba su izinin shiga ɗakin girki, saboda lafiyarsu.

Jiya na ji Mai Girma Garkuwa a rediyo, an ba shi lambar yabo. Ya ce tun da aka kafa shingen ba a kaɗe mai tafiya da ƙafa ko ɗaya a Titin Majema ba. Kar wanda ya ce ƙarya ya yi, gaskiya ya faɗa tsantsa. Da ma mutum ɗaya ce take tafiya da ƙafa a titin, ni kuma na ɗaukar mata akwatuna.